Amsa ga 'yar uwar da ke fama da ciwon gwiwa

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce likita ya tura ki wurin fisiyo, wato sashen da ake jinya ta hanyar motsa jiki, ke kuma kina tsoron a sa ki motsa gwiwar da ko tsayuwar sallah ba ta jurewa, kina ganin gara ki ci gaba da allura. Wallahi sai na ji kamar da bakina kika yi magana. Don Allah ki je.

Ni wani mai kemis ne a unguwarmu ya kusa kai ni lahira. Duk sanda na je sai ya tsira min allura, ya ƙullo min diclofenac, maganin kashe ciwo, da wasu ƙwayoyi a leda, babu suna babu komai, ya ce safe da dare. Bai taɓa tambayata ko ina da olsa ba. Wata asuba sai ga ni ina amai baƙi ƙirin, yara suna kuka, maigida yana waje yana neman adaidaita. A asibiti aka ce maganin ne ya ci min ciki, kuma da na zarce ƙoda ma ba za ta tsira ba. Shi kuwa ko a jikinsa, har yau in na wuce sai ya ce "Hajiya ina gajiya?" Na bar shi da Allah.

A Asibitin Ƙashi na Dala na yi nawa fisiyon, kuma ba gudu ko tsalle ake sa mutum ba. Kwanciya za ki yi rigingine, ki ɗaure naman cinya, ki ɗaga ƙafar a miƙe, ki ƙirga goma, ki sauke a hankali. Daga baya aka ɗora ni kan keken nan da ba ya tafiya. Matar da ta kula da ni ta ce naman cinya ne ke rage wa gwiwa kaya, yawan zama kuma shi ke sa ya saki. Ɗan ciwo lokacin yi ba komai, amma in ta kumbura ko ciwon ya kwana ya wuni, ki faɗa musu su rage. Kar ki kwafi na TikTok, kowa da irin tasa gwiwar.

Ƙiba ma ki duba. Matar fisiyon ta ce duk kilo 1 da kika rage, kusan kilo 4 kika sauke wa gwiwa a kowane taku. Masan tsuguno kuwa ki lallaɓa maigida a canza, ni sai da muka kai ruwa rana kafin ya yarda, wai son jiki ne.

Guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa, har yanzu lokacin sanyi a kujera nake sallah. Amma da ƙafata nake shiga Kantin Kwari, kuma ina samun barci.

Ki tafi da hoton gwiwar da aka ɗauka, ki sa wando mai laushi a ƙarƙashin abaya. In kin fi sakewa da mace ki faɗa tun a wurin karɓar kati. Allah ya ba ki lafiya.