Ɗana ya fi shaƙuwa da kakarsa, ga kuma yaye ya matso

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Gusau. Ɗana na fari yana da wata 19, surukata ke riƙe shi in na tafi aiki. Idan ya faɗi ko ya tsorata, wurinta yake gudu ko ina zaune. Ni kuma a gaban mutane ba na iya rungumarsa saboda kunyar ɗan fari. Yanzu Innata ta ce a kai mata shi Ƙauran Namoda ta yaye shi, alhali bai san ta sosai ba. Shin ɗana ya kuɓuce mini ne? Kuma in kai shi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki, bai kuɓuce miki ba. Daga wajen wata 6 zuwa 9 yaro ke fara ware mutanen da ransa ke kwanciya da su, shi ya sa ƙyuya ke tasowa a lokacin, kuma ba mutum ɗaya tak yake warewa ba. A wani bincike da aka wallafa a 1964, masana halayyar yara Schaffer da Emerson sun bibiyi jarirai 60 a birnin Gilasgo na Birtaniya, suka ga kafin wata 18 yawancinsu sun shaƙu da mutum fiye da ɗaya. A ƙasar Hausa ma, binciken Robert Marvin da abokan aikinsa na 1977 ya sami yaran sun shaƙu da mutum uku ko huɗu a gida, sun kuma fi neman wadda ta fi ɗaukarsu.

To wa ke ɗaukar ɗanki da hantsi? Hajiya, wato surukarki. Ki lura in ya yi tuntuɓe: ta sure shi, ta hura masa gwiwa tana "sannu, sannu", kafin ki ankara ya zame daga jikinta ya koma korar kaji. Wannan komawa wasan ita ce alamar yaron da ya san yana da mafaka. Ki gode wa Allah da Hajiya.

Kunya kuwa al'ada ce, ba zan ce ki yar da ita a tsakar gida ba. Amma ɗaki naki ne. Ki karɓi wankansa na yamma, ki goya shi kina tuƙa tuwo, ki kira shi da laƙabinsa, ki amsa masa in ya yi gwaranci. Da safe ki daina sulalewa a ɓoye. Ki yi masa sallama ko zai yi kuka, don ya koyi cewa in kin tafi kina dawowa.

Maganar yaye ita ta fi damuna, kuma shawarata kada a kai shi. A dare ɗaya zai rasa nono, ya rasa ki, ya rasa Hajiya da gidan da ya sani. Masu bincike John Bowlby da James Robertson sun lura da ƙananan yaran da aka raba da iyayensu a asibitocin Ingila a shekarun 1950: da fari kuka da bore, sai yaro ya yi tsit ya rage cin abinci, in rabuwar ta daɗe har ya kau da kai idan uwarsa ta zo. Shirun nan ne mukan ce "ai ya dangana", alhali baƙin ciki ne ya danne shi.

Ki yaye shi a gida sannu a hankali, in da hali bayan ya cika shekara biyu. Fara rage shan rana, na dare ya zama na ƙarshe, Hajiya ta riƙa kwana da shi. Ki ƙara masa kunun gyaɗa, wake da ƙwai, domin a wannan gaɓar tamowa ke yawan kama yara. Inna kuma a roƙe ta ta zo Gusau ta yi mako biyu, yayen ya zama a hannunta, jikanta ya saba da ita. Gara maigidanki da Hajiya su kai mata maganar, za ta fi karɓa daga bakinsu.

Idan kuwa kika ga yaro ya ji ciwo bai nemi kowa ba, ko ba ya kallon idon mutane, ki kai shi wurin likitan yara.