Dodon koɗin teku na cinye kumbar asari, ko a ƙaro iri daga waje?

Tambaya: Malam, ɗalibi ne ni mai karatun kiwon halittun ruwa a Japan. Duk lokacin da teku ta janye, sai mu tarar da ɓawon asari, wata ƙaramar kumbar teku da ake ci, birjik a yashi, kowanne da huda kusa da mahaɗarsa. Masuntan sun fara maganar sayo iri daga waje a zuba. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Ɗan'uwa, damuwarka tana kan hanya. Hudar da ka gani, zagayayya mai faɗin baki da tsukakken ciki, aikin dodon koɗin nan ne Laguncula pulchella. Cikin yashi yake bi, ya lulluɓe kumba da ƙafarsa, ya tausasa ɓawon da ruwan asid, ya kankare shi har ya kai ga tsoka.

Maganar sayo iri kuwa, ita ce take ƙona mini rai, don kullum sai na ji ta. Ta ina ake zaton ya shigo? A cikin buhunan asari da aka riƙa shigowa da su daga Sin da yankin Koriya ana zubawa a gaɓa, don masu zuwa tonon kumba su samu abin tona. Haka ya kama lardin Miyagi na Japan, har aka dakatar da tonon a gaɓar Tona da ke lardin a 2004. Ko tsunamin 2011 bai kawar da shi ba. Amma har gobe dillali zai rantse maka cewa buhunsa tsaf yake, wai an tsince. An tsince me? Ƙananansa sajewa suke da yashin cikin buhu. Kuma 'ya'yan wannan dodon ba sa fitowa a matsayin tsutsa mai yawo a ruwa bayan ƙyanƙyasa. Da rarrafe suke fitowa, su fara huda ƙananan kumba nan take. Wato ba ya yin nisa da ƙafarsa, mutane ne ke kai shi a mota. Wanda ya zuba iri a inda yake ya kai masa abinci ne, wataƙila har da ƙarin 'yan'uwansa.

Aikin na hannu ne. Da kaka yake ajiye ƙwansa, a wani abu mai kama da fasasshen kasko da aka gina da yashi. A fita idan ruwa ya janye, a kwashe su kafin su ƙyanƙyashe, a kai tudu su bushe, a haɗa da manyan da aka gani. Kada a farfasa a bari a wurin. Baɗi ma a sake.