Tambaya da Amsa: Me ya sa karɓar kyanwa a gidan dabbobi na Ingila yake da wuya haka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina zaune a Landan da maigidana da yaranmu biyu, babbar shekararta 9, ƙaramin kuma 3. Yarinyar ta matsa mini lamba a kan sai mun samu kyanwa. Ni dai a gida na taso da su a tsakar gida, kuma ban taɓa jin an cike takarda don kyanwa ba. Ta maƙwabta ta haihu, a ba ka ɗaya, shi ke nan. Na nemi gidaje biyu da ke tara dabbobi marasa gata. Na farko na cike musu dogon fom, har yau shiru. Na biyu suka ce ba za su ba mu 'yar ƙarama ba saboda a hawa na uku muke, babu fili. Suka ce in kawo takardar yardar mai gidan da muke haya, suka tambaye ni wa zai kula da ita idan mun tafi Najeriya hutu, sannan kuma akwai kuɗin da zan biya. Alhali su ne kullum ke kukan wuri ya cika musu. Ko don mu baƙi ne? Ko in haƙura in saya a intanet? Wata mai karatu daga Landan.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki saya a intanet tukuna, kuma kada ki ɗauka an raina ki. Tambayoyin nan da aka yi miki su ake yi wa Bature haifaffen unguwar, kuma shi ma yakan fito yana ƙorafi irin naki. Idan wata rana kika ga alama ƙarara cewa launin fata ko addini ne ya sa aka hana ki, dokar daidaito ta 2010 ta haramta hakan ga duk mai yi wa jama'a hidima, kuma kina da damar kai ƙara ga shugabannin ƙungiyar. Amma abin da na gani a wasiƙarki daban ne. Kin nemi dabbar da kowa ke rububi a kanta, wato 'yar ƙarama, a cikin yanayin da ya fi sa ma'aikatan wurin ɗari-ɗari. Da wata irin kyanwa kika nema, ina kyautata zaton da amsar ta canza.

Gidajen nan ba na gwamnati ba ne. Ƙungiyoyin agaji ne da ke rayuwa da gudummawar jama'a, wasunsu tsofaffi ƙwarai: RSPCA tun 1824, Battersea da ke nan Landan tun 1860, Cats Protection tun 1927. Bayan su akwai ƙananan ƙungiyoyi birjik, wasu ba su da ko gini, a gidajen 'yan sa kai suke rarraba dabbobin a riƙe musu. Babban abin da mai aiki a irin wannan wuri yake tsoro shi ne a dawo masa da dabba. Kyanwa dabba ce mai kama wuri, ƙamshin ɗaki da lungunansa su ne kwanciyar hankalinta. Duk lokacin da aka sauya mata gida takan daina ci, ta ɓuya, wata ta fara fitsari inda bai kamata ba, wata tsohuwar murar da ke kwance a jikinta ta tashi. Wadda aka dawo da ita sau biyu takan fi wuyar samun mai ɗauka a karo na uku. Kusan kowace tambaya da ke kan fom ɗin nan ta samo asali ne daga wani dalilin da ya taɓa sa aka dawo da dabba.

Ki ɗauki maganar mai gidan haya. Yarjejeniyar haya da yawa a Ingila tana ɗauke da sharaɗin ba a ajiye dabba sai da izini, kuma rasa gida ko sauya gida na cikin manyan dalilan da ke sa mutane su miƙa dabbobinsu. Dokar 2019 da ta taƙaita kuɗin ajiyar da ake karɓa a hannun ɗan haya zuwa kuɗin mako biyar a yawancin gidaje ta ƙara sa wasu masu gidaje noƙewa, tunda ba su da ikon ƙara wani abu saboda dabba. A 2025 an zartar da sabuwar dokar haƙƙin 'yan haya, wadda ta bai wa ɗan haya damar neman izinin ajiye dabba, ta kuma ce mai gida ba zai ƙi ba sai da dalili mai ma'ana. Saboda haka ki rubuta wa mai gidan ko wakilinsa, ki faɗi cewa kyanwa ɗaya ce, an yi mata allurai da aikin hana haihuwa, kuma za ki gyara duk abin da ta ɓata. Amsarsa ta imel ta wadatar. Wannan shi ne mafi sauƙi a cikin matsalolinki, ki fara da shi.

Maganar fili ta fi zurfi. Al'adar Birtaniya ita ce kyanwa ta fita ta dawo yadda take so, shi ya sa za ki ga ƙofofin baya da 'yar ƙaramar kafa a ƙasansu. A Amurka akasin haka ne, gidajen dabbobi da yawa can sharaɗinsu shi ne kada a bar ta ta fita ko kaɗan. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki cewa kyanwa na iya rayuwa lafiya a cikin ɗaki. Abin dubawa shi ne wace kyanwa. Wadda ta saba yawo a lambu tana farautar ɓera, idan aka kulle ta a hawa na uku za ta takura, ta yi ta kuka a bakin ƙofa, ta yayyage kujeru. 'Yar ƙarama kuwa ba wanda ya san halin da za ta girma da shi, ga ƙiriniya da hawa labule, ga taga a buɗe lokacin zafi. Faɗowa daga bene na cikin raunukan da muke yawan gani a asibiti da rani: karyewar muƙamuƙi, karyewar ƙafa, fashewar huhu. Zancen cewa kyanwa kullum a kan ƙafafunta take dira bai hana ta karyewa.

To amma akwai kyanwoyin da gidajen nan da kansu suke neman wanda zai ajiye su a ɗaki, kuma su ne suka fi daɗewa a keji ba mai tambayarsu. Akwai wadda tun haihuwarta a fulat ta taso. Akwai kurma ko mai ido ɗaya, wadda titi haɗari ne gare ta. Akwai tsofaffi da ba abin da suke so sai wuri mai ɗumi. Akwai kuma masu ɗauke da ƙwayar cutar FIV, wadda ke raunana garkuwar jikin kyanwa; ba ta kama mutum, ta hanyar cizo a wurin faɗa take yaɗuwa tsakanin kyanwoyi, kuma da yawa daga masu ita sukan yi shekaru lafiya lau idan suna cikin gida. Baƙaƙen kyanwoyi ma sukan daɗe, har Cats Protection ta ware ranar 27 ga Oktoba don jawo hankali gare su. Na san a wajenmu ma akwai masu camfa baƙar mage. Ni a wurin aiki ban ga abin da ya bambanta ta da sauran ba sai launi.

Ɗanki mai shekara 3 wani dalili ne da zai sa in ba ki shawarar babba ko da kina da fili. 'Yar kyanwa mai mako takwas da kyar take kai kilo ɗaya. Yaro ya rungume ta da ƙarfi don so, ko ya zauna a kanta bai sani ba, an yi ɓarna. Ita ma a wannan shekarun wasanta cizo ne da yakushi. Babba mai shekara uku zuwa shida halinta ya riga ya bayyana, ma'aikata sun san ko ta taɓa zama da yara, ko tana yarda a ɗauke ta, ko hayaniya na firgita ta. Kuma ba ki yi asarar shekaru ba, domin kyanwa takan kai 14 ko 15, wasu har 20. Wannan tsawon ran ma na cikin abin da ya sa suke tsananta tambaya: 'yarki za ta iya gama jami'a kyanwar na nan.

Tambayar tafiya hutu kuwa, ni ma da zan yi miki ita. Mutanenmu idan sun tafi gida ba mako ɗaya suke yi ba, wata guda ne ko mako shida na hutun makaranta. Kyanwar fulat ba ta da maƙwabcin da za ta leƙa ta samu ragowar tuwo. Ko dai wani amintacce ya riƙa zuwa kullum ya ba ta abinci da ruwa ya kwashe yashin bahayarta, ko ya tare a gidan, ko a kai ta gidan ajiyar kyanwoyi mai lasisin ƙaramar hukuma, inda ake biya kullum kuma sai da katin allurai. Tafiya da ita Najeriya a dawo da ita ba abin da zan ba ki shawara ba ne, saboda allurar ciwon haukan kare da gwajin jini da tarin takardu, ga wahalar jirgi a kanta. Ki samo sunan mutum takamaimai kafin ki koma wurinsu. “Za mu san yadda za mu yi” ita ce amsar da ke sa a ajiye fom a gefe.

Kuɗin da suke karɓa ba farashin dabbar ba ne. Kafin ta iso hannunki an duba lafiyarta, an yi mata allurai, an ba ta maganin ƙuma da na tsutsar ciki, an yi mata aikin hana haihuwa ko an dandaƙe shi idan muzuru ne, an kuma sa mata wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuya, mai ɗauke da lambar da ke kai wa ga sunanki da adireshinki. Tun 10 ga Yunin 2024 sanya na'urar nan wajibi ne a Ingila kafin kyanwa ta cika mako 20, kuma tarar ƙin yi na iya kaiwa fam 500. Idan da kanki za ki biya duk wannan a asibiti, zai wuce abin da suka nema. Na faɗi haka ne kuma saboda wasu 'yan'uwa sukan damu da hadisin da ke cikin Sahihu Muslim game da kuɗin kyanwa. Malamai sun yi saɓani a kan fahimtarsa, haka ma a kan dandaƙa, kuma wannan fagen malaminki ne. Abin da zan iya cewa a nawa fagen shi ne macen kyanwa na iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu, goyon cikin mako tara ne kawai, kuma haihuwar da ba a shirya mata ba ita ce ke cika kejin nan duk bazara. Ki kuma tuna dabba ba ta da asibitin gwamnati a ƙasar nan. Ƙungiyoyi irin su PDSA da Blue Cross suna taimaka wa masu karɓar wasu tallafin gwamnati, saura kuwa aljihu ne ko inshora.

Duk da haka ba zan wanke gidajen nan tas ba. Shirun da na farko suka yi miki bai dace ba, ko da kuwa 'yan sa kai ne kuma masu neman 'yar kyanwa ɗaya sun yi musu yawa. Layi biyu na amsa ba zai gagara ba. Wasu kuma suna da dokar bai-ɗaya, ba fulat, ba yaro ƙasa da shekara biyar, ba tare da sun dubi iyalin da ke gabansu ba. Wannan yana ba ni takaici, domin mutumin kirki da aka kora ba ya fasa neman kyanwa, wurin masu sayarwa yake komawa, ita kuma wadda ke keji ta ci gaba da zama. A Ingila ba a buƙatar lasisi kafin a buɗe irin wannan gida, saɓanin Sukotland da ta fara ba da lasisi a 2021, shi ya sa kowa da nasa ƙa'idojin. Amfanin hakan gare ki shi ne ƙin da ɗaya ya yi bai ɗaure sauran ba. Ki nemi uku ko huɗu a lokaci guda, ki buga waya maimakon dogaro da fom kaɗai, ki ce musu kai tsaye: babbar kyanwa kike nema, ta zaman ɗaki, wadda ta saba da yara. Kada ki ɓoye komai a fom, don idan suka gano daga baya, yarda ta tafi. Wasu ma suna neman masu riƙon wucin gadi, su ke biyan abinci da magani, ke kuma ki ga yadda yaranki za su yi da ita.

Idan duk da haka kika koma ga saye, ki sani tun Afrilun 2020 doka ta hana dillali sayar da 'yar kyanwa ko ɗan kwikwiyo da bai kai wata shida ba a Ingila. Sai daga hannun wanda aka haife su a wurinsa. Ki je gidan da ƙafarki, ki gan ta tare da uwarta, kada ta gaza mako takwas, kuma kada ki tura kuɗin kafin alƙalami a kan hoto. Wanda ya ce ku haɗu a tashar jirgin ƙasa ya miƙa miki ita a kwali, ki rabu da shi. Idon da ke zubar da ruwa, hanci mai majina da ciki a kumbure alamun ciwo ne da zai ci miki kuɗi fiye da wanda kike gudu.

Kafin su zo duba gida, ko su ce ki nuna musu ta bidiyo kamar yadda da yawa ke yi tun lokacin korona, ki sa raga a tagogi da baranda, ki ware ɗaki ɗaya da za ta fara zama, abinci da ruwa a gefe guda, tiren yashi a can nesa da su, da wani wuri mai tsayi da ƙaramin ba zai kai ba. Akwai kuma abubuwan gidajenmu da fom ɗinsu ba ya tambaya. Turaren wuta a rufaffen fulat yana tayar wa kyanwa da tari da asma, sai a kunna shi a ɗakin da ba ta ciki kuma a bar iska ta shiga. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, don haka ban da ragowar miya, ban da kilishi da tsire. Furen lili, wanda ake yawan kawowa a cikin kyautar furanni, yana kashe mata ƙoda ko da garinsa kawai ta lasa a jikinta. Farasitamol kuwa ko ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, don haka ki gargaɗi kowa a gidan, har baƙin da ke zuwa kwana, kada wanda ya ba ta maganin mutane don ya ga kamar ba ta jin daɗi.