Tafiya Wageningen: ina za a sauka, kuma kilishi zai wuce kuwa?

Wani Alhaji ne daga Daura, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi, ya turo cewa ɗansa zai gama digiri na biyu kan harkar noma a Wageningen ta ƙasar Holan, shi da Hajiya za su je bikin. Tambayarsa: su kama otal a Amsterdam su riƙa zuwa suna dawowa, ko su sauka can garin?

Ranka ya daɗe, Allah ya sanya albarka a karatun. Ku sauka can kawai. Daga Schiphol, filin jirgin saman Amsterdam, zuwa tashar Ede-Wageningen wajen awa ɗaya ne a jirgin ƙasa, kuma tashar ma ba cikin Wageningen take ba, a Ede take, sai an ƙara hawa bas, to ka lissafa mutum biyu kullum zuwa da dawowa ga tsadar ɗaki a Amsterdam, ai kuɗin tsaraba ne zai tafi a banza. In ɗakunan garin sun cika a nemi Ede, can ma akwai masallatan Turkawa da Marokawa da shagunan naman halal. A kama ɗaki da wuri, musamman in tafiyar ta faɗo kusa da 5 ga Mayu, don a otal ɗin De Wereld na garin aka zauna kan miƙa wuyan sojan Jamus da ke Holan a 1945, duk shekara ranar garin cika yake maƙil.

Garin ƙarami ne, mutanensa wajen dubu 40, yana bakin wani reshe na kogin Rhine, makarantar kuma tun 1918 ta kai matakin jami'a. Tunda kai manomi ne Alhaji, ni da Amsterdam ɗin ma yini ɗaya zan ba ta. Ka sa yaron ya kai ka gidan adana samfurin ƙasar noma da ke cikin jami'ar, inda suka yanko ƙasa a tsaye daga sassan duniya suka jera, kana ganin yadda baƙar ƙasar sama take siririya a wani wurin a wani kuma mai kauri, ga jigawa ga laka ga jar ƙasa, wallahi sai ka tuna gonarka. Da yamma ku hau ganuwar da suka yi don tare ambaliya, ƙasanta fadama ce shanu baƙi-da-fari na kiwo har bakin ruwa, in kogi ya cika nan yake malala maimakon cikin gidaje. Akwai jirgin fito da ke tsallakar da mutane da motoci zuwa yankin Betuwe, can lambunan tuffa ne jere reras.

Sai wata Hajiya daga Ƙofar Ƙaura a Katsina, ita ɗiyarta ce ke can, tana tambaya ko ta sayi kilishi da dambun nama ta kai mata.

Hajiya don Allah kar ki saya. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko madara da duk abin da aka yi da su daga ƙasashe irin namu, busasshe ne ko ɗanye, in kwastan suka gani ƙwacewa za su yi kuma ana iya cin tara. Man shanu ma yana ciki. Kuɗin ki sa a garin kuka, kuɓewa busassa, daddawa da yaji, waɗannan ba nama ba ne ba madara ba, sai dai daddawar a ƙulle ta leda kan leda in ba haka ba duk atamfofinki sun ɗauka. Nama kuwa ta saya a shagon Turkawa ku yi dambun tare a can.

Na ƙarshe wani ƙanenmu ma'aikacin gona da zai je kwas na 'yan makonni, wai ya sayi rigar sanyi a nan ko sai ya isa, kuma ya zai yi da zirga-zirga?

Suwaita da jaket ɗaya ka saya a gwanjo nan gida sun fi araha, amma rigar ruwa ka bari sai can, don abin da ya fi damun baƙo a Holan yayyafi ne da iska, lema ma juyewa take. Zirga-zirga kuwa keke ne, malamai da ɗalibai duk shi suke hawa, ka nemi na hannu wurin ɗaliban da suka gama ko ka yi haya, kuma ka sayi kwaɗo mai ƙarfi don ana satar keke sosai. Ka tafi da adafta, soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne ba irin namu ba. Inshorar lafiya ta bizar Shengen, wato bizar shiga Holan da sauran ƙasashen Turai da dama, sai wadda ta kai Yuro 30,000, ka duba takardar da idonka kafin ka biya ejan.