Ina throw yake zuwa bayan an jefa shi?

Ƙanena mai karatun kwamfuta a Kaduna Poli, ka ce ka rubuta throw (umarnin jefa kuskure) a yaren shirye-shiryen kwamfuta na C++, sai ka ga aiki ya koma wani catch (wurin cafke kuskuren) can baya, kana tambayar yadda ya gane hanya.

Ka taɓa ganin yadda ake jibge buhunan masara a sito a kasuwar Kawo? Haka sitak yake, wato ma'ajiyar da shiri yake jibge bayanan ayyukan (functions) da aka kira. Duk aikin da aka kira sai a ɗora masa nasa buhun: kayan aikinsa da adireshin komawa. Na ƙarshe shi ne a sama.

Da an jefa kuskure, a Linux da GCC (manhajar harhaɗa shiri) zagaye biyu ake yi. Na farko leƙe ne kawai: a bi buhunan daga sama zuwa ƙasa ana neman catch da ya dace, ba a taɓa komai. Taswirar da ake bi tana cikin sassan .eh_frame da .gcc_except_table na fayil ɗin shirin, tun lokacin harhaɗa shirin aka rubuta ta. In an samu, sai a dawo a sauke buhunan ɗaya bayan ɗaya, a rufe fayil, a saki abin da aka riƙe.

In ba a samu ba, wani aikin C++ mai suna std::terminate ya kashe shirin, sitak na nan yadda yake. Ni wannan ya fi burge ni, don da gdb, manhajar binciken kuskure, za ka ga daidai inda abin ya fashe.