Amsa: Su wa suka fara zama a kwarin Watauga?

Malam, ka tambaya ko Turawan da suka fara zama bakin kogin Watauga, cikin tsaunukan gabashin Tenesi a Amurka, suna da izini. Ba su da shi, kama-wuri-zauna suka yi. Tun 1763 Sarkin Ingila, mai mulkin yankin a lokacin, ya haramta wa Turawa zama yammacin tsaunukan Afalaciya, domin an keɓe ƙasar ga 'yan asalin Amurka, kuma kwarin Watauga na ƙabilarsu ta Ceroki ne. Duk da haka William Bean ya kafa bukka a 1769, wasu suka biyo shi suna sare daji suna shuka masara. Da aka umarce su da tashi, sai suka karɓi hayar ƙasar daga Ceroki, suka kafa hukumarsu a 1772. A ganina wayo ne, ba gaskiya ba. A 1776 Ceroki suka kai musu hari.