Yadda ake gane tsohon kan bel na mata daga tambarin bayansa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi wani kan bel na mata a wurin masu gwanjo, mai ɓari biyu da ke sarƙewa a tsakiya, an yi masa zanen furanni. A bayansa akwai ƙananan tambura: zaki, angar jirgin ruwa, da harafi guda. Shin azurfa ce, kuma tsoho ne? Wani maƙeri ya ce zai wanke shi ya mayar mini da shi abin maƙalawa a mayafi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin komai, ina roƙonki da ki dakatar da maƙerin nan, domin idan abin da kika bayyana haka yake, darajar kayanki tana cikin waɗannan tambura da kuma kasancewarsa yadda aka ƙera shi tun farko.

Tamburan na Ingila ne. Zakin da ke tafiya da ƙafa ɗaya a ɗage shaida ce cewa an gwada ƙarfen an same shi azurfa mai kashi 925 cikin 1000. Angar kuwa alamar ofishin gwajin azurfa na Birmingham ce, wanda aka buɗe a 1773. Da a Landan aka gwada shi da kan damisa za ki gani, da a Sheffield ne kuma kafin 1975 da kambin sarauta. Harafin shi ne ke nuna shekara, amma a nan mutane suka fi yin kuskure, saboda haruffan suna zagayowa, kuma abin da ke bambanta zagaye da zagaye shi ne salon rubutun harafin da siffar ɗan gidan da aka buga shi a ciki. Sai ki duba shi da gilashin ƙara girma, ki gwada shi da jadawalin haruffan Birmingham kaɗai, domin kafin 1975 kowane ofishi da nasa lissafin. Daga 1784 zuwa 1890 ana ƙara kan sarki ko na sarauniya a matsayin shaidar biyan haraji, don haka rashinsa a naki yana karkata zuwa bayan 1890.

Wannan ya dace da siffar da kika faɗa. A ƙarshen mulkin Sarauniya Victoria, wadda ta rasu a 1901, da shekarun da suka biyo baya, matan Turai sun koma sanya riga da siket daban-daban tare da matse ƙugu, sai ɗamara ta zama abin da ido ke fara sauka a kai. Kan bel mai ɓari biyu ba shi da harshen da ke shiga huda. Ana ɗinke kowane ɓari a ƙarshen ƙyalle mai kauri, shi ya sa za ki ga sanda ko madauki a bayansa. Ma'aikatan jinya mata a Birtaniya sun daɗe suna ɗaura irinsa a kan kayan aiki bayan sun kammala horo, kuma an ci gaba da ƙera shi shekaru da yawa a ƙarni na 20, saboda haka zane mai kama da na da ba ya isa hujjar tsufa. Masu tara kayan tarihi galibi ba sa kiran abu tsohon kaya na gaske sai ya kai shekara 100.

Ki tabbatar akwai tambari a ɓarin biyu kuma sun yi daidai, domin akan haɗa ɓarin da ya rasa ɗan'uwansa da wani. Tambarin asali bugawa aka yi, gefensa a fili yake ko da ya goge; na jabu da aka zuba a cikin mazubi yakan fito dishi-dishi. Idan kuma kika ga haruffan EPNS a wani kan bel, ruwan azurfa ne aka yi wa wani ƙarfe. Ki nemi haruffan sunan wanda ya ƙera shi tun asali ma, tun da aikin kantin Liberty na Landan, wanda ya fara fitar da azurfarsa mai suna Cymric a 1899, yana da masu nema sosai, musamman mai ado da narkakken gilashi shuɗi ko kore.

Game da wanki, baƙin da ya kwanta a cikin lungunan zanen shi ke fito da furannin, kuma injin gogewa yana cinye shi tare da tamburan. Tsumma mai laushi ya isa. Idan akwai ƙananan duwatsu ko gilashi a jiki, kada ki jiƙa shi, kuma idan maganaɗisu ya kama wani sashe, ƙarfe ne mai yin tsatsa, sai a nisanta shi da laima musamman da damina. Yanke madaukin baya a liƙa allura da dalma ɓarna ce da ba ta gyaruwa, kuma na fi jin takaicinta fiye da kowace, tun da abin da ya rage bayanta nauyin azurfa ne kawai. Idan kina son ki yi ado da shi, tela zai iya ɗinka miki ɗamarar ƙyalle daidai faɗin madaukin, ki ɗaura a kan doguwar riga, sannan ki riƙa ajiye shi shi kaɗai a cikin ƙyallen auduga.